Buhu mai hula: gumin wa ke cikin tulin nan?

Manoman albasa na Galmi, Malbaza, Madawa da Ƙonni! Yau maganar hular buhu za mu yi, kuma ba za mu ɓoye kome ba.

Takin da munka saya, buhu kilo 50 ne, ko tiya guda ba a ƙara muna. Man injin ban ruwa da lita ake auna shi. Amma ranar saida albasa sai sikeli ya ɓace. A cika buhu har baki, a tula wata a bisa, a ɗinke da guntun buhu, a ce hula ce, sannan a biya kuɗin buhu guda. Tulin nan na bisa, wa ya kwana cikin sanyi yana yi mishi ban ruwa? In kamyo ya isa Akara ko Abijan, kyauta ake ba mai saye hular?

Dillalai za su ce hanya da nisa, albasa na ruɓewa, ga iyakar Benin da anka rufe a 2023, dole kaya sunka zagaya ta Burkina. Mun yarda. To a lissafa asarar cikin farashin kilo a fili, kowa ya ji. Don mi za a ɓoye ta cikin buhu?

Mu ma da laifinmu. Mu ci bashin iri da taki wurin wanda za mu saida wa, bakinmu ya mutu. Watannin Maris da Afrilu mu zuba albasa kasuwa gaba ɗaya, farashi ya faɗi, alhali wanda ya adana tashi cikin rudu shi ke dariya bayan damana. Kuma in ɗayanmu ya ƙi hula da rana, maƙwabcinshi ya karɓa da dare.

Abin da muke nema bai da wuya: a kafa sikeli duk inda ake lodi, ciniki ya koma kilo. Masu karɓar kuɗin kasuwa, sikeli guda bai fi ƙarfinku ba. Ƙungiyoyinmu kuma su tsaida magana guda kafin a fara cirar albasa, kada a bari sai kamyo ya tsaya ƙofar gona.

Albasar Galmi ta yi suna har bakin teku, amma mai noma ta na fama da bashi. Ku tura wanga saƙo ga shugabannin ƙungiyoyinku. Allah shi ba mu haɗin kai.