Bindiga ba saiti, hatsari ce a ƙugun jami'in tsaro

A saman bakin ƙaramar bindiga akwai ɗan tsini wanda faɗinsa bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba. Mai harbi yana daidaita shi a tsakiyar tsagar da ke baya, sannan ya ɗora shi kan abin da ya auna. Ido ba ya iya tsayawa kan abubuwa uku a lokaci guda, don haka malaman harbi ke koyar da a kafa ido kan tsinin. Maƙera kan sa masa farin ɗigo, ko sinadarin tiritiyom mai haske cikin duhu, domin ido ya kama shi da sauri.

Tazarar da ke tsakanin tsagar da tsinin gajeriya ce, wajen santimita 15. Idan saiti ya karkace da milimita 1 kacal, harsashi zai kauce da kusan santimita 17 a nisan mita 25. A cikin cunkoson kasuwar shanu ta Mubi, wannan ɗan kuskure ya isa ya raba ɓarawo da mai tallar nono.

Mutanen Mubi da ƙauyuka irin su Mugulbu sun san darajar iya harbi. Bayan Boko Haram ta kama garin a watan Oktoba na 2014, maharba da 'yan banga ne suka mara wa sojoji baya aka ƙwato shi a watan Nuwamba. Da yawansu bindigar toka suke riƙe da ita, amma sun shekara suna auna dabba a daji, sun san halin makaminsu.

Wannan darasi ya shafi masu tsara kasafin kuɗi a Abuja. Sayen sabbin makamai yana da bikin miƙawa da ɗaukar hoto, harsashin atisaye kuwa ba shi da mai yi masa kirari. Dokar Asusun Tallafa wa 'Yan Sanda ta 2019 ta sanya horarwa cikin manufofinta. Ya kamata a ware kaso bayyananne domin filayen koyon harbi, a kuma wajabta gwajin saiti duk shekara ga kowane jami'i mai ɗauke da fistol, har da masu tsaron manya. Wanda ya faɗi gwajin ya ajiye bindiga har sai ya ci.