Juyen Farko: Inda Sabon Babur Ke Samun Lafiya Ko Ya Rasa Ta

Maganarmu ta wannan makon a kan baƙin mai ce, kuma ra'ayina a kai shi ne: duk wanda ya sayi sabon babur ya yi wasa da juyen farko, ya fara cin jarinsa tun bai gama murna ba.

Mu fara da inda muke. A watan Janairun 2013 gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana acaɓa a cikin birnin Kano, aka koma wa Adaidaita Sahu. Amma a Rano da Kibiya babur bai taɓa sauka daga matsayinsa ba. Shi ke ɗauko buhun masara daga gona, shi ke kai malami makaranta a Rurum ko Tarai, shi ke sauke 'yan kasuwa a Saya-Saya, kuma idan naƙuda ta kama mace da tsakar dare a ƙauyen da mota ba ta shiga, shi ake tayarwa a nufi asibiti a Rano. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, darajar naira ta faɗi, kuɗin sabon babur ya zama abin da mutum zai sayar da amfanin gonar shekara ko sa guda kafin ya haɗa. Abin da aka saya da irin wannan wahala bai kamata a bar shi ga "Allah ya kiyaye" kaɗai ba.

Me ya sa juyen farko ya bambanta da sauran? Injin da ya fito daga kamfani ƙarafansa ba su saba da juna ba. Fistan da ringi da bangon da suke gogawa, da haƙoran giya, duk suna da kaushin da ido ba ya gani. A makonnin farko suna cin juna har su zauna, kuma wannan gugar tana zubar da garin ƙarfe a cikin mai. Wanda ya taɓa tarar man juyen farko a kwano ya kai shi rana, zai ga yana walƙiya kamar an barbaɗa masa kwalli. Muddin man nan yana ciki, garin ƙarfen yana zagaye injin yana kankare shi.

Ga wani abu da da yawa ba su sani ba. A irin baburan da muke hawa, Boxer ta kamfanin Bajaj na Indiya, ko TVS, ko Jincheng da Haojue na ƙasar Sin, mai guda ne ke yi wa inji da giya da kuloci aiki. A mota inji da giya kowanne da nasa. Sannan injin babur ba shi da ruwan sanyaya, iska da mai kaɗai ke ɗauke masa zafi. Gaba ɗaya man bai wuce kimanin lita guda ba. Lita ɗaya tana aikin uku, a zafin Rano na watan Afrilu, da buhu biyu da fasinja a baya.

Littafin da ke zuwa da sabon babur, wanda yawanci ake jefawa a ƙarƙashin katifa da ledarsa, ya faɗi lokacin. Yawancin kamfanoni suna sa juyen farko tsakanin kilomita 500 da 1,000. A lissafa: ɗan acaɓan da ke yin kilomita 80 a rana zai cika 500 cikin mako guda. Wanda ya ce "sai wata ya yi" ya ninka wa'adin sau huɗu bai sani ba. Kuma mun san lokacin da aka fi sayen babur a wajenmu: bayan kaka, idan an sayar da amfani. Wato sabon inji yana fara aiki ne daidai lokacin ƙurar hunturu da jigilar buhuna, lokacin da ya fi buƙatar lallaɓawa.

Na san abin da za a ce. Na farko, man kamfani ya fi wanda za ka saya a kasuwa, don haka gara a bar shi ya daɗe. Ko da ya fi kyau, ai matsalar tana cikin abin da ya kwasa. Ruwan rijiya mai daɗi ma idan aka wanke kwanuka da shi ba a sha. Na biyu, "Boxer ba ta mutuwa." Gaskiya ne tana da juriya, kuma juriyar ce ke yaudarar mutane. Injin da aka cuta a makon farko ba ya tsayawa a ranar. Bayan watanni ne zai fara hayaƙi, ya riƙa shan mai, ƙarfinsa ya ragu a hawa, a ce sai an sauke inji an sa ringi. A lokacin babu mai tuna juyen da aka tsallake. Na uku, babu kuɗi. Wannan uzurin ya fi nauyi, musamman ga yaron da aka ba babur yana kawo balas kullum. Amma a nan laifin na mai babur ne. Wanda ya iya fitar da kuɗin sabon mashin ya ba wani, ya ware kuɗin juyen farko tun ranar saye, ya kuma yafe balas ɗin rabin yinin. Haka shagunan da ke sayarwa da masu rabon babura da sunan tallafi: mika makulli ba tare da minti biyu na bayani ba rabin alheri ne.

To yaya ake yi? Ka je da kanka, ka tsaya a kan bakanike. A bar injin ya ɗan yi ɗumi don mai ya saki jiki, a kafa babur a ƙafa biyu a wuri mai daidai, a kwance notin ƙasa a bar man ya tsiyaye da kansa. Kada ka yarda a tayar da inji babu mai a ciki wai don ragowar ya fito, kuma kada a wanke cikinsa da fetur ko kananzir. Sai matata: wasu baburan filtar takarda gare su, ita canza ta ake yi; wasu kuma 'yar rariyar waya ce, ita cirewa ake a wanke a mayar. A nan garin ƙarfen ya fi taruwa, kuma nan ne aka fi tsallakewa saboda sauri. Zuba sabon mai a kan matata mai datti kamar sa sabuwar riga ne ba a yi wanka ba. Notin kuma a ɗaure shi da hankali, domin jikin injin ƙarfe ne mai taushi, idan zaren ya lalace yoyo ya samu wurin zama.

Man da za a zuba ya zama na babur, a rufe da hatiminsa, a buɗe a gabanka. Duba lambar da littafi ya ce, sau da yawa 20W-50, da alamar JASO MA, wadda ke nuna ya dace da kulocin da ke jiƙe a cikin mai. Wasu mayukan mota suna da sinadarin da ke sa kuloci zamewa. Man awo da ake ɗiba daga jarka marar suna kuwa, araha ba ta ado. A zuba daidai gwargwado, a auna da sandar gwaji, domin yawansa ma illa ne. Daga nan ka rubuta kwanan wata da lambar da mita ta nuna, ko da a bangon ɗaki ne. In an ba ka garanti, ka riƙe rasit.

Saura tsohon man. Kada a zubar da shi a kwata ko kusa da rijiya, kada kuma a shafa wa dabba ko mutum a miki kamar yadda wasu ke yi, domin cike yake da guba. A tara shi a jarka a bar wa bakanike.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ke da ƙane ko ɗa ko maƙwabci da ya yi sabon babur a bana, bayan "Allah ya sa alheri, ya tsare hanya", ya tambaye shi ko an yi juye. Masu sana'ar gyara da ke cikinmu, muna jiran abin da za ku ƙara ko ku gyara. Allah ya sa mu dace.