Kibiya ko Littafi: Zaɓin da Ke Gaban Masu Shagon Kitso a Arewa

Kwana uku kafin Sallah, duk shagon kitson da mutum ya leƙa a Dogondutsi, cikin yankin Arewa na Nijar, kusan abu ɗaya zai tarar. Mata sun cika benci har bakin ƙofa, ƴan koyo biyu ko uku suna tsaye suna miƙa zare da mai, ita kuwa mai shago ita ke tsaga, ita ke kitsewa, ita ke karɓar kuɗi ta ba da canji, waya kuma na maƙale a kafaɗarta. In aka ce wa wata ta zauna gaban yarinya, amsar ba ta canzawa: "A'a, ni hannun Tanti nake jira."

Maganar tana faranta ran mai shago, amma ita ce ke daƙile shagon. Ƙananan kalaba na iya cinye yini guda a kan kai ɗaya, shuku mai kyau ma yana son awoyinsa. Muddin kowane kai sai ya bi ta hannun mutum ɗaya, cinikin ba zai wuce abin da yatsu goma za su iya ba, ko da an ƙara kujeru an sa madubai har rufi.

Aiki huɗu ne ke cikin shago: aikin hannu, riƙon kuɗi, sarin kaya, da hulɗa da jama'a. Babu macen da za ta riƙe huɗun nan lokaci ɗaya ba tare da ɗaya ya zube ba, kuma yawanci kuɗi ne ke fara zubewa. Don haka wajibi ne mai shago ta zauna ta yanke wa kanta matsayi. In gwanintarta a hannu take, ta ci gaba da riƙe kibiya, ta kama manyan ayyuka kamar gyaran amare, ta miƙa littafi ga wadda ta yi boko kuma aka yarda da amanarta. In ta fi ƙwarewa a lissafi da iya magana, ta janye daga kujera sannu a hankali ta zama mai duba aiki. Kowanne ta ɗauka daidai ne. Ɓarnar tana wajen ƙin ɗaukar ko ɗaya.

Rayuwar mace a nan ma ta isa hujja. Binciken da aka yi a Nijar a 2021 ya nuna mace na haihuwar ƴaƴa 6.2 a matsakaici, bayan a 2012 adadin ya kai 7.6. Kowace haihuwa tana tafe da kwana arba'in na jego, ban da laulayi, da biki a Matankari, da gaisuwar rasuwa a Dankasari. Shagon da ba ya buɗewa sai da uwar ɗakinsa zai sha kwaɗo sau da yawa, masu zuwa kuma ba sa jira da kai a tsefe. Sai su tsallaka shagon gaba, wasu ba za su dawo ba.

Sarin kaya shi ma yana son mutum mai sararin tunani. Arewa tana maƙwabtaka da Najeriya, kuma da yawan zare, man shafawa da gashin ƙari daga can suke shigowa, farashinsu na bin hawa da saukar naira. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, an rufe iyaka, Najeriya kuma ta katse wutar da take sayar wa Nijar, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi. Sai a Maris 2024 wutar ta dawo. A irin waɗannan watanni ana bukatar wadda za ta nemi wata hanyar samun kaya, ta sake lissafin farashi, ta auna ko sayen fanon sola zai biya kuɗinsa. Wadda ke sunkuye kan kai tun safe har magariba ba ta da wannan lokacin.

Masu shago suna da nasu uzurin, kuma ba na banza ba ne. Suna cewa ka koya wa yarinya aiki shekara biyu, ranar da hannunta ya faɗa sai ta buɗe nata a bayan layi ta kwashe masu zuwa, ko kuma a ɗaura mata aure ta tafi. A ƙasar da mafi yawan ƴan mata ke aure kafin shekara 18, wannan fargaba tana da tushe. Sai dai ɓoye sana'a ba ya tsayar da kowa. Yarinyar da ta shekara tana shara da ɗebo ruwa ita ce ta fi saurin gudu.

Manoman Arewa sun daɗe da sanin maganin wannan. Maigida yana raba aikin gandu, amma yana ba mata da samari gamana, ya bar musu ranakun da za su noma nasu. Mai shago na iya yin haka: ta ware wa babbar ƴar koyo ranaku ko wasu kawuna da za ta riƙa samun kaso bayyananne a kansu, ta kuma tabbata koyaushe akwai ƙarama da ke tasowa a bayanta, don in ɗaya ta tafi kada a koma farko.

Miƙa aiki kuma hawa-hawa ake yinsa. A fara da tsifa da wankin kai, a wuce kitson yara, sannan ƙarasa jelar da uwar ɗaki ta fara, har a kai ga tsaga, wadda ita ce ke nuna gwana. Mai shago ta duba kan a gaban mai shi, ta yaba in ya yi, ta ajiye gyara sai baƙuwa ta fita. Da haka amincewar da ake yi wa Tanti ke sauka kan yaranta. Lalle da dilka kuwa sun cancanci a ba su mutum guda, domin ƙunshin amarya da kitsonta ba sa haɗuwa a hannu ɗaya ranar biki.

Abin da bai kamata ta saki gaba ɗaya ba shi ne idonta a kan kuɗi. Wata na iya rubutawa, amma ita ce za ta zauna da littafi kowane dare: jikka nawa ta shigo, nawa aka kashe a kaya, wa ta ce sai albashi ya fito. A ware zubin adashi da kuɗin cefane daga jarin shago.

Masu zuwa ma suna canzawa a yankin. Tun da Tibiri ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, ma'aikatan gwamnati sun ƙaru a can, Kore Mairuwa kuma tana bakin babbar hanyar da ta taso daga Yamai. Malamar makaranta ko ma'aikaciyar likita ba ta da yini guda na zaman layi, tana son a ba ta lokaci a kuma cika. Cibiyoyin koyon sana'a na kwaminoni da asusun FAFPA mai tallafa wa koyon sana'a za su taimaka ƙwarai in suka haɗa darasin riƙe littafi da rabon aiki a cikin horon da ake ba masu gyaran gashi, suka kuma kira masu shagunan da suka daɗe a sana'ar su zauna ajin tare da ƴan koyonsu.