Arewa: wa ke biyan kuɗin motar da ta mutu a hanya?

Duk wanda ya saba bin babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 tsakanin Doso da Birnin Ƙonni ya san wannan hoto kamar yunwar cikinsa. Tun daga nesa zai fara ganin rassan itace jere bisa kwalta, alamar cewa akwai matsala gaba. In ya matso, sai ga gingimari a gefen hanya, an kifa kanta, an tokare tayoyinta da duwatsu, karen mota ya shimfiɗa tabarma ƙarƙashinta yana hura gawayin shayi. Direba ba ya nan. Ya naɗe ƙarfen da ya karye cikin tsumma, ya tari wata mota, ya nufi Yamai ko Sakkwato neman irinsa. Mai wucewa ya tafi ya ci kasuwarsa, ya dawo bayan mako guda, ya tarar da motar inda ya bar ta, sai dai rassan itacen sun bushe.

Jama'a sun saba da wannan abu har sun daina ganinsa. In an yi magana, a ce tsautsayi ne, ko a ce makanikan ƙauye ba su iya aiki ba. Amma ruwa ba ya tsami banza. Motar da ta kwana bakwai tsakanin Kore Mairuwa da Dogon Dutsi saboda boris guda ko famfon mai, shaida ce a kan yadda aka yi shekara sittin ana amfani da ƙasar Arewa kamar zaure: kowa ya ratsa, babu mai shara.

Ya kamata mai karatu ya tuna abin da ke bin wannan hanya. Albasar Galmi ta nan take gangarawa. Simintin Malbaza ta nan yake wucewa. Hajar ƴan kasuwar Maraɗi da Damagaram ta nan take bi, kuma shekaru da dama ta nan uranium na Arlit ya riƙa ratsawa zuwa Doso da Gaya, kan hanyarsa ta zuwa tashar jiragen ruwan Kwatano. Ita kanta Arewa tana loda wake da gyaɗa da dankalin turawa da raken Dallol Mawuri da bisashe. Dogon Dutsi na zaune kusan tsakiyar tazarar da ke tsakanin Doso da Ƙonni, kowane ɓangare kimanin kilomita 140, kuma kusan kilomita 280 daga Yamai. Ko yaro ya san cewa a irin wannan wuri ake kafa babban gareji da rumbun kayan gyara. Amma har yau, in gyara ya wuce faci da walda da canjin sifirin, sai a fara tambayar wace mota ce za ta tashi zuwa babban birni.

Darasin da baƙi suka bari

Dattawan tasha ba su manta da shekarun 1970 da 1980 ba, lokacin da Turawa masu yawon buɗe ido ke ƙetaro hamada daga Tamanrasat, su shigo ta Asamaka, su bi Arlit da Agadas da Tawa, su faɗo Ƙonni, su kwana a gindin duwatsun Dogon Dutsi kafin su wuce Yamai. Wasu na zuwa da Peugeot 504 su sayar. Wasu kuwa na zuwa da manyan motoci da suka mayar gida sukutum: ga gado, ga madafa, ga tankin ruwa. Galibinsu tsofaffin motocin soja ne ko na ƴan kwana-kwana, irin su Mercedes da Unimog da Magirus da Bedford.

Me ya sa mutumin da ke da halin sayen sabuwa yake zaɓen tsohuwa? Saboda ya yi lissafi tun yana gida. Ya san cewa injin da babu kwamfuta cikinsa, kowane bakanike mai sufana da guduma zai iya buɗe shi. Ya san irin kayan da hanya ke ci, don haka akwatinsa ba ya rabuwa da filtar mai da ta iska, da bel, da boris, da sifirin na safaya. In abin da ya karye ya fi ƙarfin akwati, sai ya nemi maƙeri ko mai walda na garin da ya samu kansa, kuma sau da yawa aikin nan na gefen hanya shi ke kai shi har bakin teku. Baturen da ya zo hutu na wata biyu ya yi wa motarsa tanadin da ƙasar ba ta yi wa motocin da ke ciyar da ita ba.

Waɗannan baƙi sun ɗauke ƙafa. Tawayen 1990 zuwa 1995 da yaƙin basasar Aljeriya sun fara rufe hanyar, tawayen 2007 ya ƙara mata kwaɗo, sace mutane a Arlit a 2010 da Yamai a 2011, da kisan Kure na watan Agusta 2020, suka ƙarasa ta. Babu mai cewa a gina gareji domin jiran dawowarsu. Abin da ya rage shi ne hujjar da suka bari: hannun makanikan Arewa ba shi da laifi. Abin da suka rasa shi ne kaya da kayan aiki.

Yadda kayan gyara suka zama zinariya

A watan Janairu 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi. Cikin dare ɗaya, ƙarfen da ke zuwa daga Faransa ko Jamus ya ninka kuɗinsa, alhali kuɗin dakon buhu bai ninka ba, albashin ma'aikaci ma ana binsa bashi. Tun daga ranar mai mota ya juya baya ga sabon kaya na asali, ya koma ga abu biyu: kwance, wato kayan da aka ciro daga matattun motocin Turai, waɗanda ake kira Beljiyam a kasuwannin Najeriya, da kuma jabu mai kyan kwali. Hanyarsu sananniya ce: daga Ladipo ta Legas ko Nnewi, zuwa Ƙofar Ruwa ta Kano ko Sakkwato, sannan su shigo ta Illela ko Kamba, ko ta ƙananan hanyoyin Bacaka da Kangiwa a bayan babur.

Araha ba ta ado. Fatar birki ta jabu tana kama da ta gaske har ranar da mota mai tan 40 za ta gangaro ta tarar da amalanke a gabanta. Filtar jabu tana barin ƙura ta shiga injin, ta cinye shi a hankali, mai mota ya ga ya tsira da ƴan jikkuna yau, ya biya miliyoyi baɗi. Kuma da yake kayan na shigowa ba takarda, babu wanda za a riƙe in sun ci amana. Mai shago zai ce haka ya sayo, bakanike zai ce abin da aka ba shi ya ɗaura, direba zai ce ƙaddara.

Sannan ga dogaro da iyaka. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, masu motoci sun ji a jikinsu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, takunkumin CEDEAO ya rufe ƙofar Najeriya da ta Benin gaba ɗaya. An ɗage shi a Fabrairu 2024, amma gadar Gaya da Malanbil ta ci gaba da zama a rufe a 2024 da 2025, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso cikin ayari da rakiyar soja. Mahukunta na da dalilansu, kuma ba su ne abin muhawara a nan ba. Tambayar ita ce: ƙasar da ba ta da teku, wadda aka rufe wa ƙofa sau biyu cikin shekara biyar, wane tanadi ta yi wa kayan gyaran motocin da rayuwarta ke kansu? Ana da rumbun tsimi na hatsi. Ina rumbun tsimin taya da batir da boris, waɗanda in babu su hatsin ba ya barin rumbu?

Yanzu kuma ga sabuwar masifa. Tsofaffin motocin da Turai ke zubarwa yau, DAF da MAN da Renault da Mercedes na bayan 2005, ba irin na da ba ne. Kwamfuta ke sarrafa injinsu, da yawansu na buƙatar ruwan AdBlue da gazuwal mai ƙarancin sulfur. In wata ƴar na'ura ta ji abin da ba ta so, sai motar ta rage wa kanta ƙarfi ko ta ƙi tashi, kuma ba kunne ko guduma da zai gano ciwon sai an jona mata na'urar bincike. Masu yawon duniya da motocin kwana sun san haka, shi ya sa har gobe da yawansu ke neman tsohon samfuri. Attajirin gida kuwa yana sayo abin da ya gani a Kwatano ko Lome, ya miƙa wa direba makulli, bai tambayi wa zai gyara ta a Matankari ko Gecheme ba. Ko motocin Howo na ƙasar Sin, da suka fi sauƙin kaya, sai an je manyan birane ake samun wakilansu.

In ɓera da sata

Ba za a ɗora wa gwamnati laifin duka ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ƙa'ida mai lamba 14 ta ƙungiyar UEMOA, wadda aka sa wa hannu tun 2005, ta ƙayyade tan 11.5 ga kowace ƙafar mota guda, da tan 51 ga tirela mai ƙafa shida. Sau nawa aka ɗage aiki da ita, sau nawa aka yi rangwame, saboda masu motoci da masu kaya sun yi kuka? Ɗan kasuwar da ke cusa wa mota lodin da ya wuce kima, yana ƙara mata sifirin da katako, shi ne ke karya ƙafarta, shi ne ke fasa kwaltar da za ta karya ƙafar motar maƙwabcinsa, kuma shi ne na farko wajen zagin bakanike. Yana da kuɗin gina bene a Yamai, ba shi da kuɗin ajiye safaya a Dogon Dutsi. Ƙungiyoyin masu sufuri suna karɓar kuɗin tasha kullum. Da wuya a ji sun haɗa hannu sun sayi janwe guda mai iya jan tirela. Zaman ƴan marina ake yi, kowa da inda ya sa gaba.

Amma laifin babba ya fi girma. An samu ƙarfin shimfiɗa layin dogo na kimanin kilomita 140 daga Yamai zuwa Doso, wanda kamfanin Bolloré ya fara a 2014 aka yi bikinsa a 2016, bai kuwa ɗauke wa hanya nauyin ko buhu ɗaya na kasuwanci ba. An yi shekaru ana waƙar tashar tudu ta Doso. A 2011 an ɗaga Tibiri ta zama gunduma mai cin gashin kanta, da Dumega da Gecheme da Kore Mairuwa a ƙarƙashinta. An samu sabon kantoma da sabon hatimi, mai motar da ta lalace bai samu kome ba. Ana karɓar kuɗin hanya a shingaye, ana karɓar kuɗin duwan da harajin TVA na kashi 19 cikin 100 a kan kayan gyara na asali, wanda hakan ke ƙara tura mutane wajen jabun da bai biya ko dala ba. Akwai asusun FAFPA na koyon sana'a, akwai cibiyoyin koyar da sana'o'i a ƙananan hukumomi, amma yaron da ke son ya zama makanikin manyan motoci har yau a ƙarƙashin bishiya yake koyo, yana wanke sufana shekara biyar, bai taɓa ganin na'urar bincike da idonsa ba.

Ma'aikacin gwamnati da ke ganin wannan rigimar direbobi ce, ya duba kwandon cefanensa. Kowace rana da mota ta yi a gefen hanya, akwai abincin direba da yaransa, akwai kuɗin tafiya neman ƙarfe, akwai albasar da ta ruɓe da ragon da ya rame, akwai wata motar da aka ɗauko ta kwashe kayan. Mai mota ba ya haɗiye wannan asara. Yana ɗora ta kan kuɗin dako, ɗan kasuwa ya ɗora ta kan buhu, mai tebur ya ɗora ta kan tiya. Malamin makaranta a Dogon Kirya da ma'aikacin jinya a Sukukutan su ne ke biyan kuɗin boris ɗin da ya karye, ba tare da an ba su rasit ba. Ga kuma rai: motar da ta mutu a kan kwalta cikin dare, ba fitila sai ganye, tarko ce ga motar fasinja, kuma a yankin da tsaron bakin iyaka ya taɓarɓare, barin yara biyu su yi gadin dukiyar miliyoyi cikin daji ganganci ne.

Abin da ake nema bai kai kuɗin biki ɗaya na aza harsashi ba. Hukumomin Dogon Dutsi da Kore Mairuwa su ware fili a bakin hanya, da rami da wuta da inuwa, su tara makanikai da masu walda da masu faci wuri guda. Ƙungiyoyin masu sufuri da manyan ƴan kasuwa su haɗa jari su buɗe shagon kayan da suka fi lalacewa, mai ba da rasit da garanti, su sayi janwe da na'urar bincike. Gwamnati ta sauƙaƙa haraji a kan birki da taya da filta na asali, ta matsa wa jabu. A kai makanikan da ke aiki yanzu horo na ƴan watanni kan sababbin injuna, maimakon a jira yaran da za su fito nan da shekara goma. A kuma ɗora kowace mota bisa sikeli, ko ta wane ce.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ƴan Arewa da ke cikin gwamnati da kasuwa ba kaɗan ba ne, kuma duk ranar salla ta wannan hanya suke komawa gida. In sun rage gudu suka kauce wa rassan itacen da ke kan kwalta, ya dace su sauke gilashi su tambayi yaron da ke ƙarƙashin motar kwanansa nawa a wurin.