Wa'azin Tsimi a Gidan da Ba Shi da Mita

Tun daga ranar 29 ga Mayu 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya shelanta a jawabinsa na kama mulki cewa tallafin man fetur ya kau, wani ra'ayi ya samu gindin zama a bakin jami'an gwamnati da masu sharhi a gidajen rediyo, wanda ke cewa maganin tsadar makamashi a gida shi ne tsimi. Makamashi a nan na nufin duk abin da gida ke ja ko ƙonawa domin haske da girki da sanyaya ɗaki, wato lantarki da fetur da gas da kananzir da gawayi da itace. Masu wannan ra'ayi suna ganin arha ce ta koya wa ɗan Najeriya almubazzaranci, don haka tsada za ta koya masa hankali, har Ministan Lantarki Adebayo Adelabu ya fito a watan Afrilun 2024 yana zargin jama'a da barin firji a kunne kwana da kwanaki saboda wuta ba ta da tsada, maganar da daga baya ya nemi afuwa a kanta. Afuwar ta wuce, amma ra'ayin yana nan daram, kuma ya kamata a ɗora shi a sikeli, domin illarsa ita ce yana kwashe laifi daga inda yake ya jibga shi a kan maigida da uwargida.

Babu mai jayayya cewa tsimi hali ne na kirki, addini da al'ada duk sun yi hani da ɓarna. Sai dai tsimin wuta ba ya zama kuɗi a aljihu sai idan akwai abin da ke auna abin da aka sha, kuma wannan abin shi ne mita. Alƙaluman hukumar NERC, wadda ke sa ido a kan harkar lantarki da tsayar da farashinta, sun nuna cewa a shekarar 2024 fiye da rabin masu rajista da kamfanonin rarraba wuta ba su da mita, shekara goma sha ɗaya bayan an sayar da kamfanonin ga 'yan kasuwa a watan Nuwamban 2013. Gidan da ba shi da mita ana rubuta masa kuɗin ƙiyasi ne, ma'ana kamfani ya kintaci abin da gidan ya sha ya aiko da takarda, a maƙala ta a ƙyaure ko a miƙa wa yaron da aka tarar a zaure, sannan bayan 'yan kwanaki ma'aikata su biyo layi da dogon tsani a kafaɗa suna yanke wayar duk wanda bai biya ba. Irin wannan gida ko da ya cire kowane ƙwai ya kwana a duhu wata guda cur, takardar da za ta zo masa ba za ta ragu da ko sisi ba. Ita kanta hukumar ta tabbatar da cewa ƙiyasin ya zama kafar zalunci, domin a 2020 ta ƙayyade iyakar abin da za a caji marar mita, a watan Fabrairun 2024 kuma ta ci tarar kamfanonin goma sha ɗaya naira biliyan 10.5 saboda sun ƙetare wannan iyaka. Yi wa marar mita wa'azin kashe fitila tamkar cewa mai sayen hatsi ya rage ci ne alhali ɗan kasuwa ke yanke kuɗi ba tare da ya ɗauko mudu ba.

Ko a gidan da ke da mitar kati, wadda ake saka wa kuɗi kafin a sha wuta, lissafi bai goyi bayan masu wa'azin ba. Tun 2020 aka kasa masu amfani da wuta rukuni biyar gwargwadon awannin da aka yi musu alkawari a rana: rukunin A awa 20, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. A ranar 3 ga Afrilu 2024 aka ɗaga farashin yunit ɗaya na rukunin A daga kimanin naira 68 zuwa naira 225, kafin a sassauto da shi zuwa naira 209.5 cikin 'yan watanni. Yunit shi ne abin da na'ura mai ƙarfin wat dubu ke ja a awa guda. Ƙwan fitila na zamani mai wat 10, idan ya yi awa shida a kunne kowace rana, bai kai yunit biyu ba a wata, wato ƙasa da naira 400, don haka duk surutun kashe ƙwai bai taka kara ya karya ba. Abin da ke cin wuta shi ne fanka da firji da dutsen guga da injin jan ruwa, kuma babu mai hankalin da zai kira fanka ƙawa a Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, jarirai da tsofaffi suna kwana a tsakar gida. Gidan da ya sha yunit ɗari kacal a wata a wannan farashi zai biya kusan naira 21,000, abin da ya doshi sulusin mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a watan Yulin 2024. Kuma rukunin A bin layin wuta yake yi, ba ya bin arzikin mutum, saboda haka mai gadi da tela da malamin firamare da suka yi haya a layi ɗaya da banki farashin banki suke biya.

Waɗanda ke sauran rukunan, da ake cewa har yanzu ana ba su tallafi, su ma tsadar ta riske su ta bayan gida. Wanda ke samun wuta awa huɗu sai ya cike giɓin da ƙaramin janareta, fetur kuwa ya tashi daga ƙasa da naira 200 a lita a farkon 2023 ya haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Wanda bai da janareta yana kai wayarsa rumfar mai caji, yana sayen ƙanƙara a leda, yana sayen batirin tocila, kuma duk wanda ke saye da ɗai-ɗai ya fi mai saye a dunƙule biyan tsada. A watan Oktoban 2024, da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, Kano da Kaduna da Katsina da Bauci da sauran jihohi suka yi fiye da mako guda a duhu, babu wanda ya ga tsimi ya hana nama ruɓewa a firji ko injin niƙa tsayawa.

Inda wa'azin ya fi yin ɓarna kuwa shi ne madafa. Cika tukunyar gas mai kilo 12.5 bai wuce naira 4,000 da 'yan kai ba a 2020, amma a 2024 ya haura naira 15,000, kananzir kuma tuni ya fi ƙarfin talaka tun bayan janye tallafinsa a 2016. Matan da aka yi shekaru ana lallashi su bar murhu su koma gas sun ajiye tukunyar a ƙarƙashin gado sun koma kurfoti, suna aika yaro da 'yan canji ya sayo gawayi a ƙullin leda sau biyu a rana, wasu kuma sun koma ƙona kara da buntun shinkafa da tarkacen roba. A takardar lissafi wannan tsimi ne, tunda kuɗin da ke fita a yini ya ragu, amma ragowar kuɗin ana biyansa da idon uwargida da ƙirjin goyon da ke bayanta, da kuma itatuwan dazuzzukan da ake sarewa ana loda buhunan gawayi a manyan motoci zuwa birane, a yankin da hamada ke matsowa kowace shekara.

Da an kawo wannan magana sai a ce to a koma sola, wato farantan da ke mayar da hasken rana lantarki. Shawara ce mai kyau ga wanda ke da jari, sai dai farantan da batiran daga waje ake shigo da su da dala, dalar kuma ta tashi daga kimanin naira 460 zuwa sama da naira 1,500 bayan an saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023. Mai hali ya saka sola ya fita daga layin kamfani, kuɗin kula da layin kuma ya rage a wuyan waɗanda ba su da mafita.

Almubazzaranci na gaskiya yana can sama da mitar maigida. Ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 tana raba megawat dubu huɗu zuwa biyar, kuma kamfanonin rarrabawa suna asarar fiye da sulusin darajar wutar da suka karɓa ta hanyar tsofaffin wayoyi da satar wuta da bashin da ba a biya ba, alhali idan taransifoma ta ƙone mutanen unguwa ne ke yin karo-karo su gyara kayan da ba nasu ba. Cikin manyan masu cin bashin har da gwamnati, domin a watan Fabrairun 2024 kamfanin rarraba wuta na Abuja ya wallafa sunayen ma'aikatu da hukumomi 86 da yake bi sama da naira biliyan 47, kuma fadar shugaban ƙasa tana cikin jerin. A kasafin 2025 an ware naira biliyan 10 domin saka wa wannan fada sola, aka kuma kare matakin da cewa kuɗin wutar da take biya ya yi yawa, ba zai ɗore ba.