Duna da bokitin roba: Shin harshen kare magani ne?

Na yi wa masu bibiyar wannan shafi alƙawarin ci gaba da batun da muka faro a makon jiya, sai ga shi wani kare ya shiga tsakani, don haka ina neman afuwa. Na san akwai wanda zai yamutsa fuska ya ce, duk matsalolin da suka dabaibaye ƙasar nan malam bai ga abin rubutu ba sai kare. Ina roƙonsa ya daure ya karanta, domin maganar daga ƙafar kare ta faro, amma ta biya ta ƙafar wani yaro ɗan shekara shida.

A layinmu akwai wani dattijo mai gadi da kowa ke kira Baba. Yana da baƙin kare mai suna Duna, irin siraran karnukan nan namu na farauta masu dogayen ƙafafu. Tun da Duna ya zo aka daina kwance mana batirin mota da injin jan ruwa, kuma ko waɗanda ba sa son ganinsa a ƙofar gidansu sun san da haushinsa suke samun barci. Wani dare cikin daminar nan ya bi wani abu da gudu, sai langa-langa ya yanke shi a ƙafar gaba, yankan bai fi tsawon ɗan yatsa ba. Da safe na ga jini na ce wa Baba a kai shi asibitin dabbobi. Ya yi dariya ya ce, "Haba malam, kare ai likitan kansa ne. Ƙyale shi da harshensa, kwana uku ya warke." Ban yi musu ba, don ni ma abin da na taso ina ji ke nan.

Bayan kwana goma raunin da bai fi yatsa ba ya kusa tafin hannun yaro. Gashin wurin ya zube, naman ya yi jawur yana tsattsafar ruwa, ƙudaje suna binsa duk inda ya kwanta, shi kuwa ba ya komai dare da rana sai lasa. Da Baba ya ga abin ya ƙi, sai ya samo baƙin mai wurin bakanike ya shafa masa. Duna ya lashe man tas, ya yi kwana biyu yana amai. A nan ne na kira wani abokina likitan dabbobi, ya zo ya duba, ya kuma yi mini faɗan da na daɗe ban sha irinsa ba.

Ba Baba ne ya ƙago wannan zance ba, kuma ba Bahaushe kaɗai ya yarda da shi ba. Girkawan dauri suna ajiye karnuka a wurin bautarsu na neman waraka da ke Efidaurus, marasa lafiya su kwanta a lashe musu miki. Kuma zancen ba ƙarya ce tsagwaronta ba. Yawun kare yana ɗauke da wasu sinadarai masu raunana wasu ƙwayoyin cuta, sannan lasar farko tana share ƙasa da ƙazanta daga bakin rauni. Dabbar da ke daji, wadda ba ta da sabulu ba ta da tafasasshen ruwa, wannan ne iyakar abin da ta mallaka, kuma ya fi babu. Kuskurenmu shi ne mun ɗauki dabarar wanda ba shi da zaɓi mun mai da ita magani.

Ga yadda abokin nawa ya warware mini. Idan fata ta tsage, jini ne ke fara daskarewa ya toshe wurin. Daga nan sai wurin ya kumbura ya yi zafi na 'yan kwanaki, lokacin da jiki ke yaƙar ƙwayoyin da suka shiga. Sai kuma sabon nama, ja mai laushi, ya fara tasowa daga ƙasa, fata kuma ta riƙa rarrafowa daga gefe-gefe har ta haɗe. Wannan sabuwar fata ta fi ɓawon albasa rauni. Harshen kare kuwa tsoka ce mai ƙarfi, kuma ba sau ɗaya yake lasa ya bari ba. Duk abin da jiki ya gina da dare, harshe ya rushe shi da hantsi, tamkar magini ne yana ɗora tubali wani yana binsa yana zarewa. Ga shi kuma rauni yakan yi ƙaiƙayi daidai lokacin da ya kama hanyar warkewa. Ƙaiƙayin ya sa lasa, lasar ta fama ciwon, famin ya ƙaro ƙaiƙayi. Akwai karnukan da abin ke zame musu ɗabi'a, musamman waɗanda ake ɗaurewa wuri guda ba abin yi, har wurin ya zama gyambo mai kauri da ke ɗaukar watanni, kuma a ƙafar gaba aka fi ganinsa domin nan ne baki ya fi saurin kaiwa. In kuwa ɗinki aka yi, kare yana iya tsinke zaren cikin 'yan mintuna.

Sai batun bakin kansa. Mu tambayi kanmu ina Duna ya sa bakinsa kafin ya kai shi kan raunin. Bola, kwata, mushe, da ƙarƙashin wutsiyarsa. Ko karen da ake wanke wa haƙora a Turai bakinsa cike yake da ƙwayoyin cuta, irin su wadda likitoci ke kira Pasteurella, waɗanda ba sa cutar da shi muddin suna cikin baki, amma da sun sami ƙofa a fata sai su haifar da kumburi da mugunya. Wuri mai danshi da wari kuma gayyata ce ga ƙuda, ƙuda ya yi ƙwai, ƙwai ya zama tsutsa. Duk wanda ya taɓa ganin tsutsa a kunnen kare da damina ya san abin da nake nufi.

Aikin da likita ya yi bai ɗauki rabin sa'a ba. Ya aske gashin da ke kewaye, ya wanke raunin da ruwan gishiri, wato ƙaramin cokali ɗaya na gishiri a rabin lita na ruwan da aka tafasa ya huce, ya shafa aidin da aka tsarma da ruwa, ya ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Sannan ya ce duk wannan aikin banza ne in ba a raba bakin da ƙafar ba. Abin da ake amfani da shi wata roba ce mai siffar mazurari da ake sa wa kare a wuya, ta zarce hancinsa, ta yadda zai ci ya sha ya yi haushi amma ba zai kai baki jikinsa ba. Turawa sun laƙaba mata sunan Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, wadda ta mulki Ingila daga 1558 zuwa 1603, saboda ta yi kama da faffaɗan wuyan rigar da manyan zamaninta ke sawa. Mun zaga shaguna uku ba mu samu ba. Sai likita ya ce a kawo bokitin roba. Ya yanke gindinsa daidai yadda kan Duna zai shiga, ya liƙe bakin yankan da tsumma don kada ya gurje masa wuya, ya huda ramuka huɗu ya ɗaure shi da igiyar wuyansa. Ƙa'idar biyu ce: yatsu biyu su iya shiga tsakanin wuya da abin, kuma bakin bokitin ya ɗan wuce ƙarshen hanci. Ƙaramin kare ko kwali mai kauri ya ishe shi.

Ranar farko abin tausayi ne da ban dariya. Duna ya ƙi motsi, ya sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da satar kaza, in ya tashi tafiya sai ya yi karo da bango. Yaran layi suka sa masa suna mai lasifika. Baba ya zo mini har gida ya ce, "Malam, wannan wulaƙanci ne, a cire masa ko da dare ne ya huta." A nan mafi yawan mutane ke faɗuwa, domin da dare ne, lokacin da ba mai kallo, kare ya fi samun sararin lasa. Abin da ya kamata shi ne a ɗaga masa kwanon abinci da na ruwa a kan bulo don bakinsa ya kai, in kuma an cire don ya ci, a tsaya a kansa har ya gama a mayar. Yawancin karnuka suna sabawa cikin kwana biyu ko uku. Raunin da aka ɗinke yakan buƙaci kwana 10 zuwa 14.

Akwai wasu dabarun. In raunin a gadon baya ko ciki yake, tsohuwar singileti tana rufe shi. In a tafin ƙafa ne, safa mai tsabta, amma kada a ɗaure da roba ko a matse, domin ɗaurin da ya hana jini gudu ya fi raunin haɗari, kuma a canza ta da zarar ta jiƙe. Takunkumi ba mafita ba ne, saboda kare da haki yake fitar da zafin jikinsa, in ka ɗaure masa baki yini guda a zafin Afrilu kana iya kashe shi. Barkono da baƙin mai da ruwan batir da toka duk ƙarin ciwo ne. Haka kuma kada tausayi ya sa a ba shi maganin ciwon jiki na mutane, irin su ibuprofen, wanda ke iya yi masa gyambon ciki ya lalata masa ƙoda.

Yanzu ga abin da ya sa na ajiye alƙawarin makon jiya. Kwana ɗaya kafin zuwan likita, matata ta hango ɗan maƙwabcinmu zaune kusa da ɗakin Baba, ya miƙa wa Duna ƙafarsa. Yaron yana da ƙujewa a gwiwa daga wasan ƙwallo, ya kuma ji Baba yana cewa harshen kare magani ne, sai ya je karɓar magani. Da na tambayi Baba ko an taɓa yi wa Duna allurar rigakafin haukan kare, sai ya ce shi bai san ana yi wa lafiyayyen kare allura ba.

Mutane da yawa sun ɗauka sai kare ya ciji mutum cutar ke shiga. A cikin yawu take, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa lasar kare a kan fatar da ta tsage a sahu ɗaya da cizon da ya huda fata. Kare yana iya ɗauke da ita a yawunsa 'yan kwanaki kafin a ga alamar hauka a tare da shi. Hukumar ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe kimanin mutum 59,000 duk shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kuma kusan huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, sai dai addu'a. Amma kafin nan ana iya tare ta, kuma tun 1885 aka san haka, lokacin da Louis Pasteur ya yi wa wani yaro ɗan shekara tara allura a Faransa bayan mahaukacin kare ya cije shi, ya rayu. Matakin farko a gida yake: a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, sannan a tafi asibiti a ranar, ba gobe ba. Haka muka yi. Likita ya fara yi wa yaron allura, ya ce a tsare Duna a sa masa ido kwana goma. Ban ga mahaifin yaron ya yi dariya ba a cikin kwanakin nan goma.

Abin da ke ba ni takaici shi ne rigakafin na kare ba daga wata uwa duniya ake kawo shi ba. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, tana yin sa. Jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri duk suna da tsangayar likitancin dabbobi da asibitocinsu. Masana sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan wuri allura, cutar takan yanke a wurin. Amma mu a nan kare yana cikin wani hali mai wuyar fassara: muna amfana da shi, muna kuma jin kunyar a ce namu ne. Na gadi na Baba ne, na farauta na 'yan tauri ne, na garke na Fulani ne. Wanda kowa ke kwana da haushinsa ba wanda ya yarda ya ɗauke shi a mota zuwa asibiti.

Wani ya ce mini addini ne ya sa. Ni ba malamin fiƙihu ba ne, amma na zauna gaban malamai. A mazhabar Malikiyya da muke bi, duk mai rai tsarkakakke ne, har da yawunsa, kuma wanke ƙwaryar da kare ya sha sau bakwai bin umarni ne ba don najasa ba, saɓanin fahimtar Shafi'iyya. An halatta riƙon kare don farauta da kiwo da tsaron gona. Ana ma ruwaito cewa Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai Risalar da ake karantawa a zaurukanmu, ya ajiye kare a gidansa lokacin da tsaro ya taɓarɓare. Kuma ko ɗan Islamiyya ya san labarin wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Sai dai a kula, tsarki a fiƙihu daban, rashin ƙwayar cuta daban. Malami yana maganar ingancin sallarka ne, likita yana maganar abin da zai shiga jininka, kuma ba wanda ya ƙaryata wani a cikinsu.

Kwana goma suka cika Duna yana cin tuwonsa yana kaɗa wutsiya a cikin bokiti, hankalin kowa ya kwanta. A rana ta goma sha shida aka kwance masa, fata ta haɗe, saura tabo. Mutanen layi muka yi karo-karo aka yi masa rigakafin, aka ba Baba kati da ranar da zai mayar da shi baɗi. Bokitin yana nan rataye a ɗakinsa, har wani mafarauci daga bayan gari ya zo ya ara ya dawo da shi. Shekaranjiya na tsaya muna gaisawa, na ce, "To Baba, yanzu ka yarda?" Ya dubi Duna, ya dube ni, ya ce, "Bokitin ya yi aiki, malam. Amma ai sai da harshen ya fara share masa hanya."