Tabon yaƙin da ya bi 'yan gudun hijirar Biyetnam

A 2025 aka cika shekaru 50 da faɗuwar birnin Saigon a hannun dakarun 'yan gurguzu, amma har yanzu akwai 'yan gudun hijirar Biyetnam da ke fama da tabon yaƙin a zukatansu.

Alƙaluman hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa kimanin mutane dubu 800 ne suka tsere ta teku suka isa ƙasashen yankin tsakanin 1975 da 1995.

Da dama sun faɗa hannun 'yan fashin teku a mashigin Thailand, wasu kuma sun shafe shekaru a sansanoni irin na Pulau Bidong a Maleziya. Tsofaffin sojoji da jami'an gwamnatin Kudu kuwa an tsare su a sansanonin gyaran hali, inda aka yi ta gallaza musu.

A 1980 likitocin ƙwaƙwalwa a Amurka suka amince da ciwon firgici bayan bala'i a matsayin cuta, bisa matsin lambar tsofaffin sojojin ƙasar. Sai dai ba a cika jin koken 'yan gudun hijirar ba.

Dalili kuwa shi ne, ana ɗaukar taɓin hankali a matsayin abin kunya ga iyali baki ɗaya. Saboda haka majinyaci kan je asibiti da kukan ciwon kai, ko rashin barci, ko kasala, ya ɓoye ainihin abin da ke cin ransa.

Wani bincike da mujallar Lancet ta wallafa a 2002, wanda ya shafi 'yan Biyetnam 1,161 a birnin Sydney na Ostireliya, ya gano cewa yawancinsu sun murmure da tafiyar lokaci. Amma waɗanda suka gamu da munanan bala'o'i fiye da uku sun ci gaba da fuskantar haɗarin cutar ko bayan shekaru 10.

Wannan rukuni ne ke tsufa yanzu a birane irin su San Jose na jihar California, kuma galibinsu ba su jin Turanci sosai. Muddin babu likitocin da ke jin harshensu, suka kuma fahimci tarihinsu, da wuya a gano ciwon, balle a magance shi.